Yadda Joyis Ya Zauna a Gurbin Sunan Mahaifinki

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ki yi haƙuri, yarinya, da na ɗora miki karatun wannan doguwar takarda, alhali na san idonki ya gaji da takardu a 'yan watannin nan. Ki kuma yi haƙuri da rubutun. Hannuna ajami ya saba, bokon nan da girmana na koye shi a ajin matan aure, har yau alƙalamin yakan nemi ya faro daga dama. Na cusa takardar a ƙasan akwatinki, ƙarƙashin ƙullin kuka da yaji, don na san ba za ki kai gare ta ba sai kin huta a Ingila kin fara marmarin miyar gida. Ina fata kin sauka lafiya. Allah ya tsare ki a inda idona ba ya kaiwa, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya sa karatun ungozomancin da kika je ƙarawa ya amfani matan da ke jiran ki.

Ba labarin gida zan ba ki ba, wannan kya ji a waya. Maganar sunanki ce. Ran da muka karɓo fasfo ɗinki, a motar Ɗambatta, kin ce da ni, "Inna, ni fa da na isa can zan ajiye Joyis ɗin nan. Ya wahalar da ni ya isa." Ban tanka miki ba, mota cike da mutane. Yanzu zan tanka. Sunan bai wahalar da ke ba. Ni ce na wahalar da ke, kuma zan faɗa miki yadda aka yi, ɗaya bayan ɗaya.

An haife ki ran kasuwar Ɗambatta, tsakiyar damina, gero ya fara fitar da kai. Maza duk sun tafi kasuwa, ruwa ya sauko bayansu, rafi ya kawo. Ni kuwa kwanana biyu ina naƙuda. Ungozomar garinmu ta duba ta ce kin zo da ƙafa, abin ya fi ƙarfinta. Iya, kakarki ta wajen uba, ita ta ɗaure zani a ƙugu ta tsallaka rafin zuwa ƙaramin asibitin da ke hayi. Wajen azahar ta dawo da wata siririyar yarinya 'yar kudu mai hidimar ƙasa, jakarta da takalmanta a ka, rigarta jiƙe har ƙirji. Sista Joyis ake ce mata. Hausarta ba ta nuna ba, kowa "kai" take ce masa. Ta durƙusa, ta riƙe fuskata da hannu biyu, ta ce, "Kai, Mama, ba mutuwa yau. Ni ina nan."

Kika fito ba kuka, ba motsi. Matan da ke ɗakin har sun fara salati. Ita ba ta ko ɗaga kai ba. Ta share miki baki, ta hura, ta murza bayanki, ta sake hurawa. Ban san sau nawa ba, kada in yi ƙarya. Sai kika yi atishawa, sannan kika tsala kukan da ya sa Iya ta yi guɗa da jiƙaƙƙen zaninta.

Ran suna, sunan Iya aka raɗa miki. To, ni ba ni da bakin faɗarsa ta fuska biyu: ke 'yar fari ce, kuma sunan surukata ne. Gidan ma duk ba mai iya kiran sa gatsau. Ga shi an riga an yi wa Iya takwarori a gidan, akwai Ummi, akwai Mama, laƙabin ya ƙare. Iya da kanta ta raba gardama. Ta ce, "Ku ce mata Joyis. Ni na ba da sunana, rai kuwa Allah ya bayar ta hannun waccan yarinyar." Kin ji asalinsa a gidanmu. Ba ɗan boko ne ya liƙa miki ba, tsohuwar da ba ta taɓa barin sallar walaha ba ce.

Kuskurena na farko ya zo bayan wata goma sha ɗaya. Goggonki Talatu ta zo daga birni, ta ji ana kiran ki, ta riƙe haɓa. Ta ce, "'Yar Malam guda, jikar masu allo, da sunan coci? Ke Innar yara, haka kika zuba ido? Me za ku ce wa mutane ran aurenta?" Maganar ta shige ni. A makon nan Sista ta gama hidimarta, ta zo sallama. Ina jin muryarta a zaure na faɗa ɗaki na saki labule, na ce wa matan gida su ce ba na nan. Ta zauna a tsakar gida, ta goya ki, ta yi miki waƙar garinsu. Takalmana suna ƙofar ɗaki, ta gan su. Da za ta tafi sai ta sunkuya ta jera min su, ta ɗora wata farar hular saƙa a kai, ta fita. Ban sake ganin ta ba, ban san garinsu ba, ban taɓa ce mata na gode ba.

Na yi istigfari a kan wannan ƙaryar fiye da yadda zan iya tunawa. Saboda haka ki ji ni da kyau. A can za ki zama ke ce baƙuwa, ke ce mai karyayyen harshe. Duk wanda ya tsallaka rafi dominki, ko da nuna miki motar da za ki hau ne, ki gode masa a ranar, da bakinki, ba da aike ba. Kada ki tsaya tambayar inda yake ibada kafin ki gode. Addininki yana wuyanki, ki riƙe shi da kyau, amma bai taɓa hana ki godiya ba. Ni ma ba shi ya hana ni ba, tsoron bakin Talatu ne.

Na biyu ya fi nauyi, don shi ya haifi wahalar da kika sha. Kina shekara shida hedimasta ya zo ƙofar gidan mai unguwa yana rubuta yara. Rani ne, mahaifinki ya tafi cirani, Iya ba ta da lafiya. Na yafa mayafi na kai ki da kaina, kuma har yau ina alfahari da wannan tafiyar, don ba kowa ya so ba. Aka zo kanmu. Ya ce, "Sunanta?"

Na dubi ƙasa. Mai unguwa, ƙanin Iya ne, yana zaune a kan buzu yana kallo na. Ta yaya zan buɗe baki in kira sunan yayarsa a gabansa?

"Baiwar Allah, sunanta nake tambaya, ga layi a bayanki."

Wata maƙwabciya ta tausaya min ta ce, "Joyis ake ce mata, Malam."

Ya yi dariya ya rubuta. Ya ce, "To, sunan uba fa?"

Nan ma na yi shiru. Wace mace ce take kiran sunan mijinta a bainar jama'a? Ya ce zai cike daga baya, aka kira na gaba. Bai cike ba. Da kika kai aji uku wani malami ya tambaye ki sunanki na yanka, kika faɗa masa, ya rubuta shi a gaban Joyis. Shi ke nan fa. Joyis ya koma baya, ya zauna daram a gurbin sunan mahaifinki, ya bi ki firamare, ya bi ki sakandare, ya bi ki makarantar ungozoma. Kalma biyu kacal aka nema a bakina a ranar, na hana.

Kunya abu ce mai kyau, ba zan ce ki yar da ita ba, kuma ban yi nadamar girmama Iya ba. Amma an karantar da mu cewa matan kirki na farko kunya ba ta hana su tambaya ba. Ni tawa ta hana ni amsa ma. In likita ya yi bayani ba ki gane ba, ki ce ya maimaita. In kika ga an rubuta wa mai jego abin da ba shi ba ne, ki buɗe baki, ko shugaban asibitin ne ya rubuta. Shirun da zai cuci wani ba ladabi ba ne.

Akwai na uku, shi ne wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba. Da sakamakonki na sakandare ya fito, kin kawo wa mahaifinki yana gyaran taki a bayan gida. Ya goge hannu a riga ya karɓa. Shi yana ɗan haɗa baƙin boko. Ya yi murna, ya sa miki albarka, kika shiga gida. Ni ina tsaye da ƙwaryar fura. Ya daɗe yana duban saman takardar, sannan ya ce a hankali, "Ashe ni a takarda ba ni da 'ya." Bai ƙara ba, kin san shi. Na ce a raina in an yi girbi zan sa a gyara. Aka yi girbi, aka sake yi, aka sake yi. Allah ya karɓi abinsa ba a gyara ba. Ƙaramar ɓaraka a bango, in damina ɗaya ta wuce ba a yaɓe ba, kin san abin da take zama. Abin da kika san gyara yake so, ki gyara shi a makon da kika gan shi.

Sauran kin sani, amma ba ki san abin da ke cikina ba a lokacin. Aka zaɓe ki cikin waɗanda za a ɗauki nauyin karatunsu. Aka je yin fasfo, sai ga katin ɗan ƙasa da sunan mahaifinki, takardun makaranta da Joyis. Ma'aikatan suka ce mutum biyu ne. Masu ɗaukar nauyin suka ba da mako biyu a daidaita, in ba haka ba gurbin ya koma ga na bayanki. Kin dawo gida kin kwanta kina kallon rufi, ko tuwo ba ki taɓa ba.

Baffanki Sule, ƙanin mahaifinki, ya zo da dabara. Ya ce, "Matar Yaya, abin ba wuya. Takardun makaranta sun fi yawa, su za a bi. Akwai wani a bakin kotu, zai rubuta cewa Joyis sunan kakanta ne, ki dangwala hannu, a sauya katin, kwana biyu an gama. Ai Turawa ma haka suke, sunan gida ne a wurinsu."

Na ce, "Wane kakan? Mahaifinku mai allo da ke kwance a gindin kuka?"

Ya ce, "To shi zai tashi ya yi ƙara ne?"

Allah ya gani, na kusa yarda. Na yi kwana biyu ina cewa ai don karatunki ne. A rana ta uku ina shara a ɗakin mahaifinki na ɗauko allonsa zan karkaɗe, sai na tuna maganar bayan gida. Mun sani tun muna yara ɗa da ubansa ake kiran sa. Na hana shi suna da shiru, yanzu kuma in hana shi da rantsuwa? Na aika aka kira Sule na ce doguwar hanyar za mu bi. Ya ce doguwar hanya sai uwa ta tsaya gaban rajistara ta rantse da bakinta, sannan a buga a jarida, kuma lokaci na iya ƙurewa. Na ce a tafi. Ki riƙe wannan: in an nuna miki gajeriyar hanya, ki tambayi wa za a taka a bi ta.

Muna zaune a inuwar darbejiya a harabar kotu muna jiran kira, sai wani tunani ya zo min. Zan ɗora hannu a kan Littafi in ambaci sunan da ban san ma'anarsa ba. Shekara ashirin da shida ina jin tsoron sunan nan a ɓoye, ban taɓa tambaya ba. Kin tuna na ce ki duba min a waya? Kika karanta min cewa asalinsa ma na maza ne, daga wani tsohon yare na can, ma'anarsa shugaba. Daga baya 'ya'yan masu sunan suka riƙe shi ya zama sunan zuri'a, yadda su suke gadon suna kamar gona. Can kuma mata suka ɗauke shi, don yana kama da kalmarsu ta murna. Sule ya ce, "Ka ji, ashe da gaskiyata, sunan kaka ne." Na ce, "Kakan wasu." Ni dai na ji wani dutse ya sauka daga ƙirjina. Ba zagi, ba saɓo. Abin da tambaya ɗaya za ta warware, na goya shi tun kina goye.

Aka kira mu. Na riga na yi alwala. Rajistaran dattijo ne mai tabarau a kan hanci. Ya ce, "Hajiya, faɗi cikakken sunan 'yarki."

Na ce, "Ranka ya daɗe, 'yar fari ce."

Ya ce, "Ni ma ɗan fari ne. Uwata har ta koma ga Allah 'kai wannan' take ce min. Amma takarda ba ta san kunya ba."

Na ce, "Ko in rubuta maka? Ina da ajami."

Ya ce, "Rantsuwa da baki ake yi, Hajiya. Ki yi a hankali, ba a koran ki. Amma ƙarfe biyu muke tashi."

Na waiga na gan ki a jikin bango, kin ƙanƙame jakar takardunki kamar ranar da na kai ki ƙofar mai unguwa kin ƙanƙame bakin mayafina. Layi ne a bayana, yau ma kamar ranar. Na ce a raina, Iya ta tsallaka rafi a cike saboda yarinyar nan, ni ba zan tsallaka kalma uku ba? Na nemi gafarar Iya a zuciyata, na nemi ta Malam mahaifinki, na ɗora hannu.

Na ce, "Sunanta Saudatu. Sunan ubanta Haruna. Joyis laƙabinta ne, kakarta ta sa mata, don matar da ta karɓi haihuwarta. Mutum ɗaya ce, ni na haife ta."

Rufin kotu bai faɗo ba. Rajistara ya buga hatimi, ya ce, "Da duk masu rantsuwa haka suke, da na huta." Da muka fito Sule ya tafa hannu yana dariya, ya ce, "Ashe kin san sunan Yayana! Shekara talatin ina zaton mantawa kika yi." Na ce ya kiyaye ni, tuwon darensa yana hannuna. Ke kuwa kika riƙe hannuna kina hawaye kika ce, "Inna, sake faɗa." Na ce miki sau ɗaya kotu ta nema.

Jarida ta fito saura kwana uku. Aka karɓi takardunki saura kwana ɗaya. Ran da fasfo ya zo na kai shi ɗakin mahaifinki, na buɗe shafin, na ajiye a kan allonsa na ɗan lokaci. Sunaye uku a jere, kowanne a gurbinsa. Yanzu a takarda yana da 'ya, kuma 'yar za ta hau jirgi da sunansa. Na yi sujadar godiya a nan ƙasan ɗakin. Goggonki Talatu ma ta zo barka da turmin atamfa, tana gaya wa mata, "Ai Joyis ɗinmu ce za ta Ingila." Na ba ta ruwa.

To, ga amsar maganarki ta cikin mota. Ba zan tilasta miki ba, suna naki ne. Amma ki duba yadda ya yi rassa a garin nan kafin ki ajiye shi. Mashigin rafin da ta bi, har yau tsallaken Joyis ake ce masa, direbobi ma haka suke kira. Kunun gyaɗa da waken suya da ta koya wa masu yaye, kunun Joyis ne, yaran da ba su san ta ba sun yi ƙiba da shi. Sule ya taɓa sa wa farar karsanarsa, na hana shi. Yanzu kuma in yarinya ta yi ƙoƙari a makaranta sai ka ji uwarta ta ce, "Wannan Joyis za ta zama," kuma ke suke nufi. A can za ki gan shi a ƙofar shago, a rigar likita namiji, a bayan sunan wasu. Wataƙila su yi mamakin mai hijabi da sunansu. In sun tambaya, kada ki sunkuyar da kai irin nawa. Ki ba su labarin siririyar yarinya da takalmi a ka. Ni na kasa gode mata. Duk jaririn da kika hura wa baki ya yi kuka, da sunanta a ƙirjinki, ina sa rai Allah ya kai mata ladan, ni kuma ya rage min nauyi.

Amma in za ki gabatar da kanki, ki fara da na yanka, ki cika da na mahaifinki. Da wuya aka dawo da shi.

Farar hular tana cikin wannan ambulan. Ta yi ja-ja don tsufa, ban wanke ta ba don kada zaren ya saki.

Allah ya tsare gabanki da bayanki. Ya tsare miki sallarki a ƙasar da aka ce rana takan yi rowa. Ya sanya albarka a hannunki, ya sa kada mace ta mutu a gabanki da sakacinki. Ya jiƙan Iya, ya jiƙan Malam, ya saka wa Sista da alheri a duk inda take. Ya dawo min da ke lafiya.

Kin roƙe ni abu a ƙofar kotu na hana ki. Na yi tunani, na ga hanawa ta ishe ni haka.

Saudatu. Saudatu, 'yata.

Ki ba ni amsa da wuri, a takarda ba a waya ba, da manyan baƙi yadda zan iya karantawa, ki sa cikakken sunanki a ƙasa.

Wassalam. Daga Innarki.